2.3 Isar da Sakamakon Bincike ga Manoma

A shekarar 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a 1962. Sai dai kuma galibi da Turanci ake rubuta sakamakon binciken, alhali manomin da aka yi dominsa Hausa yake ji. Wannan ne ya sa malaman gona kan yi amfani da rediyo, da kuma gonakin gwaji musamman, tun da gani ya kori ji. Alal misali, irin waken SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019 yana jure wa tsutsar wake, amma manomin da ba a yi wa bayani ba zai ci gaba da yawan feshi kamar dā, wato ya yi asarar kuɗin magani.