Daga Teburin Akanta Zuwa Baitulmalin Ƙasa

Duk wanda ya zaga ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ya san matan wajen ba baƙin lissafi ba ne. Mace tana cikin ɗakinta, ba ta taka kasuwa ba, amma ta san tiya nawa ta gyaɗa ta saya, da kwalba nawa ta mai ta samu, da abin da ƙuliƙuli ya kawo. Uwar adashi kuwa tana riƙe da kuɗin mata ashirin ko talatin, ba takarda ba sa hannu, kuma da wuya ka ji an kai ta gaban alƙali. Amma in ka leƙa ofishin ma'aji, galibi maza za ka tarar bisa tebura. Saboda haka muka ga ya kyautu mu kawo wa malamai da akawuna labarin wata 'yar Jihar Kaduna wadda ta fara daga ƙaramin tebur har ta riƙe baitulmalin Nijeriya duka, watau Hajiya Zainab Shamsuna Ahmed.

An haife ta cikin 1960, shekarar samun mulkin kai. Mahaifinta, Alhaji Yahaya Hamza, ma'aikacin ilmi ne. Ta yi Kwalejin Sarauniya Amina ta Kaduna, sa'an nan ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fita da digiri na aikin akanta cikin 1981. Tsofaffin ma'aikatan En'e za su ji daɗin tunawa da cewa sashen nan na jami'ar da ke Kongo asalinsa makarantar horad da akawuna ce, tun kafin a kafa jami'ar cikin 1962.

Cikin 1982 ta kama aiki a Ma'aikatar Kuɗi ta Jihar Kaduna, tana ƙaramar akanta. Cikin 1985 ta koma kamfanin tarho na Gwamnati, NITEL, daga baya ta zama babbar mai kula da kuɗi ta reshensa na wayar hannu, MTEL. Sai cikin 2009 aka ba ta shugabancin kamfanin zuba jari na Jihar Kaduna. To, mai karatu, ƙidaya da kanka: daga 1982 zuwa 2009 shekara 27 ke nan tana aiki ƙarƙashin wasu, tana daidaita littattafai, kafin a ce mata ga ma'aikata ki riƙe. Samarinmu da ke fita kwaleji bana, baɗi su fara ƙorafin an danne su, ya kamata su dubi wannan adadi.

Cikin 2010 aka naɗa ta Sakatariyar hukumar NEITI, wadda aka yi wa doka cikin 2007. Aikin hukumar mai sauƙin faɗi ne, mai wuyar yi. Ana tambayar kamfanonin haƙar mai nawa suka biya Gwamnati, a tambayi ofisoshin Gwamnati nawa suka karɓa, a aza lissafin biyu gefe da gefe, a buga bambancin kowa ya gani. Duk akawun da ya taɓa gwada rasiɗin haraji da littafin ma'aji a gaban mai binciken kuɗi ya san irin zufar da ke cikin wannan. Rahotannin da aka fitar a zamaninta sun nuna akwai kuɗi masu yawan gaske, har da ribar kamfanin iskar gas, waɗanda kamfanin mai na ƙasa ya karɓa bai zuba cikin asusun Tarayya ba. Mai faɗin irin wannan magana ba ya ƙara abokai a Abuja.

A nan ne addini ya shigo cikin zancen. Mutane da yawa suna zaton aikin lissafi kayan Nasara ne, alhali kuwa ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Malam Abdullahi na Gwandu, cikin littafinsa Liya'ul Hukkami, ya yi bayanin hanyoyin da dukiya ke shiga baitulmali da inda ya halatta a kashe ta. Watau amanar ma'aji ba a tsawon tasbaha ake gane ta ba. Ana gane ta ran da aka buɗe littafi, aka ƙidaya abin da ke cikin akwati, aka tarar sun yi daidai. Ni a ganina, in za a auna imanin ma'aikaci, mace ko namiji, ta fuskar aikinsa, da wannan mudu za a auna.

Cikin Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa ta Ƙaramar Ministar Kasafi da Tsare-tsare. Cikin Satumba 2018, da Kemi Adeosun ta ajiye aiki, aka danƙa mata Ma'aikatar Kuɗi, ta riƙe har Mayu 2023. A zamaninta aka mai da shekarar kasafi ta fara daga Janairu ta ƙare Disamba, bayan an daɗe ana sa hannu a kasafi shekara ta yi nisa. An kuma ci gaba da sayad da takardun sukuk, watau hanyar da Gwamnati ke tara kuɗin gina hanyoyi ba da ruwa ba, a biya masu takardun kuɗin haya. An fara su cikin 2017 da naira biliyan 100, cikin 2021 aka fitad da na biliyan 250. Wannan ya buɗe ƙofa ga Musulmin da ke gudun riba.

Amma fa ba za mu shafa wa labarin zuma ba. A hannunta aka ɗaga harajin kayan saye daga kashi 5 cikin ɗari zuwa 7.5, cikin 2020, talaka kuwa ya ji a jikinsa. Bashin ƙasa ya tashi daga wajen naira tiriliyan 24 a ƙarshen 2018 zuwa tiriliyan 46 a ƙarshen 2022, ban da fiye da tiriliyan 22 da Gwamnati ta ranta daga Babban Banki. Masu kāre ta suna cewa annobar korona da faɗuwar kuɗin mai da tallafin fetur su suka tilasta. Masu suka suna cewa ma'aji na ƙwarai ya kan ce wa ubangidansa babu. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, kuma 'ya'yanmu ne za su biya.

Akwai dai rana guda da ta cancanci a tuna. Cikin Oktoba 2022 Gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar za a sake takardun naira 200 da 500 da 1,000. Bayan kwana biyu, a gaban kwamitin Majalisar Dattawa, aka tambaye ta. Ta ce ba a shawarci ma'aikatarta ba, ta kuma yi gargaɗi cewa abin zai iya jawo wahala. Shugaban Ƙasa ya goyi bayan bankin. Da shekarar 2023 ta kama, kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, mai rake da mai tumatir suka kai kaya kasuwa ba mai abin saye, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. Da ta yi shiru a wannan rana, ba wanda zai zarge ta, gama haka galibin ma'aikata ke yi. Bayan ta bar minista, cikin 2023, ta tafi wakiltar Nijeriya a hukumar gudanarwar Bankin Duniya a Amurka.

To, ina wannan ya shafi Ikara da Hunƙuyi? Ita dai ta yi sa'ar uba mai ilmi, wanda ya bar ta ta kai ƙarshen karatu. Yarinyar ƙauye kuwa, ko da ta fi ajinta duka lissafi, sau da yawa tiren talla ya kan janye ta tun ba ta gama firamare ba, kuma ribar tallan nan ita ce jarin uwarta, ba mugunta ba ce. Malamin da ke son ya riƙe irin wannan yarinya sai ya je ya zauna da ubanta a zaure, ya nuna masa takardun jarrabawarta, ya faɗa masa ko nawa karatun gaba zai ci. Iyayen ƙasar Makarfi sun saba da kai 'ya'yansu mata Kwalejin Kiwon Lafiya ta Shehu Idris, domin sun ga amfanin ungozoma da idonsu. Aikin akanta ne ba su saba gani a hannun mace ba tukuna.

Abin da hedimasta zai iya yi tun wannan zango ba ya cin ko kwabo. In makaranta tana da gona, ko kantin littattafai, ko asusun wasanni, a ba wata yarinya ta aji biyar ko shida littafin shiga da fita, ta rubuta da hannunta, a ƙidaya kuɗin a gabanta kowace Alhamis, ta sa hannu, malami ya sa nasa a ƙarƙashi.