Talabijin Mai Sauraron Ɗan Kallo: Yadda Intanet Ke Sauya Kallo a Zariya

A Samaru, da zarar an idar da sallar isha'i, ba a rasa samari uku ko huɗu a bencin mai shayi sun haɗa kai a kan waya guda. Sabon kashi na wani shiri mai dogon zango ne ya fito a YouTube. Wannan ya ce a mayar baya, bai ji abin da jarumar ta faɗa ba. Wancan ya karɓi wayar ya rubuta a ƙasan bidiyon cewa an cika jan labarin nan. Kafin gari ya waye, mutane daga Kano, Maraɗi, Kumasi da Jidda sun tofa albarkacin bakinsu a wuri guda, kuma masu shirin suna gani.

Iyayen waɗannan samari ba haka suka san talabijin ba. Tun da aka buɗe tashar Ibadan a 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, har aka kafa NTA a 1977, doka ɗaya ce: tasha ta yi magana, mai kallo ya saurara. Wanda ya makara ya rasa. Mai ƙorafi kuwa sai dai ya rubuta wasiƙa ya kai gidan waya.

Abin da ya rushe wannan doka shi ne hanyar da hoton ke bi. Eriya da tauraron ɗan Adam suna watsa abu ɗaya ne ga kowa a lokaci guda, ba su san wa ya kama ba. Intanet kuwa hanya ce mai zuwa da dawowa. Ana yanka shirin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta 'yan daƙiƙoƙi, a ajiye ta kala-kala, daga mai dishi-dishi zuwa mai haske tar. Wayar mai kallo ce ke roƙon gunduwa ta gaba, tana auna ƙarfin sabis. Idan mutum ya hau Keke Napep daga Kwangila ya nufi Zabi, sabis ya ja baya, sai wayar ta nemi ƙaramar kala; shi ya sa fuskar jarumi kan dusashe na ɗan lokaci maimakon shirin ya tsaya cak. Manyan kamfanoni irin su Google da Netflix kuma kan ajiye kwafin shirye-shiryen da aka fi nema a na'urorin da ke kusa da masu kallo, don kada kowane danni ya tsallaka teku.

Tunda wayar na aika saƙo baya, mai shirin ya san a wane minti aka daina kallo, wane wuri aka maimaita, daga wane gari ake binsa. A nan ne ma'amala tsakanin mai shiri da mai kallo ta samo asali.

A Amurka an gwada kai abin ƙarshe. A Disambar 2018 Netflix ta saki fim ɗin Bandersnatch, inda ake tsayar da labari a ba mai kallo zaɓi biyu, abin da ya danna shi zai faru, har ƙarshen fim ɗin ya bambanta daga gida zuwa gida. An yi ta zuzuta shi. Amma ɗaukar irin wannan fim na cin kuɗi, domin dole a ɗauki rassan da mafi yawan mutane ba za su taɓa gani ba, kuma zuwa ƙarshen 2024 kamfanin ya janye akasarin shirye-shiryensa masu wannan salo.

Zariya ta san wani salon da ya girmi wannan. Tun a shekarun 1970, malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Michael Etherton, suka riƙa fita daga harabar jami'a suna shiga unguwannin Samaru da ƙauyukan kewaye. Su zauna da mutane, su ji abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, ruwa ne ko taki ko tsafta, sannan su mayar da shi wasa a dandali. Ɗan kallo na iya katse wasan ya ce ba haka ake yi ba, a sake. Wannan aiki ya yi suna a fagen wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma a faɗin Afirka. Duk mai son gane inda talabijin ɗin intanet zai dosa a ƙasar Hausa, ya fi kyau ya dubi wannan dandali fiye da maɓallan Bandersnatch, domin abin da ɗan kallon nan ke so shi ne a ji ta bakinsa.

Alamu sun riga sun bayyana. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta saba wa mutane da shiri mai dogon zango ta hanyar Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, daga baya ta fito da manhajar kallo a waya. A 2020 Izzar So ta Lawan Ahmad da Labarina ta Aminu Saira suka nuna cewa YouTube na iya ɗaukar shirin Hausa mako-mako, kasuwar faifan CD kuma ta riga ta mutu murus. Manhajojin kallo irin su Northflix da Kallo.ng sun gwada tsarin biyan kuɗi. Da azumi kuwa, tafsirai na tafiya kai-tsaye a Facebook, ɗan Zazzau da ke ci-rani a Legas na bin malamin unguwarsu yana aiko da tambaya.

Sai dai kuɗin data ne ke riƙe da linzami. A lissafin Netflix, awa guda ta kallo a matsakaicin haske na iya cin gigabait ɗaya, mai haske sosai har uku. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Ga matsalar wuta, wadda ta sa shagon caji ya zama sana'a. Shi ya sa masu tura fina-finai a waya ke ci gaba da cin kasuwarsu a Sabon Gari: a miƙa memori, a biya 'yan canji, a tafi da shirin mako. Wanda ya kalla ta wannan hanya ba ya cikin lissafin kowa. Ra'ayinsa bai isa ga mai shiri ba, kuɗinsa ma haka. Kuma da yawa cikin irin waɗannan masu kallo mata ne a cikin gida, waɗanda su ne ƙashin bayan kallon fim ɗin Hausa tun zamanin kaset.

MTN ta ƙaddamar da 5G a 2022, Starlink ta shigo Najeriya a farkon 2023, amma waya mai ɗaukar 5G da kwanon Starlink sun fi ƙarfin aljihun talaka. Abin da zai sauya lamarin a wuri kamar Zabi shi ne 4G mai ɗorewa, da data mai rahusa, da manhajar da ke karɓar saƙon murya, don wanda bai iya rubutun boko ba shi ma ya sa baki.

Inda amfanin zai fi fitowa wataƙila ba a fim ba ne. A Samaru ne cibiyar binciken aikin gona ta IAR take, tare da NAERLS mai isar da sakamakon bincike ga manoma, wadda ta daɗe tana shirya shirye-shiryen rediyo da talabijin. A shirin da ke tafiya ta intanet, manomi zai iya ɗaga ganyen masarar da tsutsa ta huda a gaban kyamarar wayarsa, masani ya duba ya ba shi amsa nan take, sauran manoma na kallo, a kuma adana amsar don mai nema a damina ta gaba. Na'urar yin haka tana nan, masanan suna nan, ɗaliban sashen aikin jarida da na kimiyyar kwamfuta ma suna nan cikin jami'ar. Saura wanda zai ɗauki nauyin datar manomin, da wanda zai zauna ya tace tambayoyin da za su riƙa kwararowa.