FASHIN BAƘI: Wayar Android mai araha, riba ce ko asara ga matashin Gaya da Ajingi?

Duk lokacin da amfanin gona ya shigo gida, aka sayar da gyaɗa ko riɗi ko wake, wani kaso na kuɗin da ke shiga hannun matasa a ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi yana ƙarewa ne a teburin mai sayar da waya. Wasu a Gaya ko Wudil suke saye, wasu kuma sai sun shiga birnin Kano, kasuwar Farm Centre ko titin Beirut. Mafi yawansu ƙaramin aljihu gare su, don haka idonsu na kan wayoyin da ke ƙasan jerin farashi.

Tambayar ita ce ko irin wannan waya tana biyan kuɗinta. Amsar ta dogara ne kan aikin da za a ɗora mata, da tsawon lokacin da za ta yi tana aiki, da kuma kuɗin da za ta ci bayan an bar shago.

Dalilin da ya sa “mai araha” ta daina araha

Kusan duk wayoyin da ake sayarwa a Najeriya daga waje ake shigo da su, kuma da dala ake biya. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa ragamar farashin naira, dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. Farashin waya ya bi sahu, haka ma na batir da gilashi da caja.

Idan aka auna da abin da mutane ke samu, lamarin ya fi fitowa fili. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun daga Yulin 2024 shi ne naira 70,000, Gwamnatin Kano kuma ta amince da naira 71,000. Sabuwar wayar Android ta ƙasan jeri tana cinye irin wannan albashi na wata guda cur, sau da yawa ma bai isa ba. Yawancin matasan Kademi da Toranke da Unguwar Bai kuwa ba ’yan albashi ba ne: noma ne, da acaba, da ƙwadago, da ƙaramar sana’a. A wurinsu sayen waya shawara ce mai nauyi, daidai da sayen akuya ko buhun taki.

Wace ce wayar mai araha?

Kasuwar tana hannun kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, wanda ya fi kowane kamfani sayar da waya a Afirka. Ya samu karɓuwa ne saboda ya karanci buƙatar mai saye: gurbin layi biyu, batir mai jimiri, kyamarar da ke fitar da baƙar fata da kyau, da farashi mai sauƙi. Samsung da Xiaomi su ma suna da nasu ƙananan samfura a wannan mataki.

Domin farashi ya sauko, dole a rage wani abu. Abin da aka fi ragewa shi ne ƙwaƙwalwar aiki, wadda ’yan kasuwa ke kira ram, sai ma’adana, sai ƙarfin injin da ke sarrafa umarni. Da yawa daga cikin waɗannan wayoyi suna aiki da Android Go, wani sassauƙan nau’i da Google ya fitar a 2017 domin wayoyi marasa ƙarfi. Waya mai ram giga 2 za ta yi kira, ta yi WhatsApp, ta buɗe manhajar banki. Amma da zarar an tara mata TikTok da Facebook da bidiyoyin da ake turowa a zaurukan WhatsApp, sai ta fara nauyi, tana sandarewa, tana rufe manhaja da kanta.

Akwai wata dabarar talla da ke rikita masu saye. A jikin kwali akan rubuta ram “4+4” ko “har giga 8”. Lambar farko ce ta gaskiya. Ta biyun aro ce daga ma’adana, kuma ba ta kai ta asali sauri ba.

Abin da matashi ke rasawa idan ba shi da ita

Ƙaramar waya mai maɓallai tana da nata amfani. Batirinta na kwanaki, tana tura kuɗi ta lambobin USSD, kuma da ita ɗalibi zai iya karɓar lambar rajistar JAMB ta saƙon tes. Sai dai ƙofofi da dama sun koma intanet. Asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, kuma ta nan kaɗai ake nema. Ɗaukar aikin soja da ɗan sanda da sauran hukumomin tarayya ta shafin intanet ake fara shi. Jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma ɗalibin ƙauye da bai saba da allo ba yana shiga ɗakin jarrabawa da rauni. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura ’yan tireda da masu shayi zuwa OPay da PalmPay da Moniepoint, kuma ba su dawo ba.

A fagen siyasa ma haka abin yake. Gaya da Ajingi da Albasu mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, kuma Gaya da Ajingi kaɗai suna da mutum sama da 370,000 a ƙidayar 2006. Hukumar zaɓe, INEC, ta fara karɓar rajistar farko ta intanet a watan Yunin 2021. A zaɓen 2023 ta yi amfani da shafin IReV, inda ake ɗora hoton takardar sakamakon kowace rumfa. Duk da tangarɗar da shafin ya samu a zaɓen shugaban ƙasa, matashin da ke da waya mai kyamara yana iya ɗaukar hoton sakamakon da aka liƙa a rumfarsa ya kwatanta da wanda aka ɗora. Yana iya ɗaukar hoton ajin da rufinsa ya yaye ko rijiyar burtsatsen da aka ce an kammala alhali babu ruwa. Wannan aiki ba ya buƙatar waya mai tsada. Yana buƙatar hoton da lambobi za su karantu a cikinsa, da batirin da zai kai yamma.

Kuɗin da ba a gani a shago

Na farko shi ne data. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Waya mai araha da mai tsada kuɗin data ɗaya suke biya.

Na biyu shi ne caji. A garuruwan da wutar KEDCO ba ta tsayawa, ko babu ita sam, sai an kai waya rumfar mai caji. Idan aka ɗauka, a matsayin misali, ana biyan naira 100 kullum, a shekara an kashe naira 36,500. Shi ya sa girman batir ya fi yawan kyamarori muhimmanci ga mazaunin karkara. Wutar janareta marar daidaito da caja ta jabu kuma su ne ke saurin kashe batir da bakin caji.

Na uku shi ne gyara. A nan wayoyin Transsion suna da fifiko, domin kayan gyaransu sun wadata, masu gyara sun san su, kuma kamfanin yana da cibiyoyin Carlcare a manyan birane har da Kano. Amma garanti ba ya ɗaukar gilashin da ya fashe ko wayar da ta faɗa ruwa, kuma mai son cin gajiyarsa daga Ajingi sai ya haɗa da kuɗin mota zuwa birni da dawowa.

Hanya mafi sauƙi ta auna riba ita ce raba farashi da watannin aiki. Misali, wayar naira 100,000 da ta gaji bayan shekara biyu ta ci kusan naira 4,200 a kowane wata. Ta naira 150,000 da ta yi shekara huɗu ta ci kusan naira 3,100. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a lissafin waya sau da yawa ta tsakiya ce mai arahar gaske.

Batun tsaro da sirri

Wannan ne ɓangaren da mai shago ba ya ambata. Kowace waya tana buƙatar sabuntawar tsaro daga kamfaninta domin toshe kafofin da ’yan kutse ke bi. Google da Samsung sun yi alkawarin shekara bakwai ga manyan wayoyinsu irin su Pixel 8 da Galaxy S24. Yawancin wayoyin ƙasan jeri ba sa samun ko kusa da haka. Bayan wani lokaci manhajoji ma sukan juya musu baya: tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin da ba su kai Android 5 ba.

Akwai kuma manhajojin da ake cusa wa waya tun daga masana’anta, waɗanda ba sa goguwa, suna cin data suna jefo talla. A watan Agustan 2020 sashen Secure-D na kamfanin Upstream ya bayyana cewa ya gano muguwar manhaja mai suna Triada a dubban wayoyin Tecno W2 a wasu ƙasashen Afirka, tana yi wa masu wayar rajistar biyan kuɗi ba da saninsu ba. Transsion ya ɗora laifin kan wani mai kawo masa kaya, ya ce ya riga ya fitar da gyara. Darasin shi ne wayar da ke ɗauke da asusun banki, da layin da aka haɗa da lambar NIN, da hirarrakin ƙungiyar siyasa, ba abin wasa ba ce. Najeriya tana da Dokar Kare Bayanai ta 2023, amma doka ba ta maye gurbin kulle waya da lambar sirri da guje wa sauke manhaja daga hannun masu tura fina-finai.

Biya kaɗan-kaɗan da wayar hannu

Kamfanoni irin su EasyBuy da M-KOPA suna ba da waya a biya a hankali, bayan an ajiye wani kaso. Tsarin yana buɗe ƙofa ga wanda ba shi da kuɗi a dunƙule, amma jimillar abin da za a biya ta fi farashin hannu da hannu, kuma ana kulle wayar daga nesa idan aka saɓa lokaci. Ga manomin da kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara, biyan mako-mako ko wata-wata na iya zama tarko a tsakiyar damina. Kafin a sa hannu, a nemi a ga jimillar kuɗin a rubuce.

Wayar hannu kuwa tana iya ba mutum inji mai ƙarfi a farashin sabuwa mai rauni. Haɗarinta biyu ne: batirin da ya gaji, da yiwuwar ta sata ce, musamman ganin yadda ƙwacen waya ya addabi Kano. Wanda aka kama da wayar sata shi zai fara amsa tambaya a ofishin ’yan sanda. A danna *#06# a ga lambar IMEI, a kwatanta da ta jikin kwali, a karɓi rasit mai sunan shago, kuma a tabbatar tsohon mai ita ya cire asusunsa na Google.

Inda gwamnati ta shigo

Tsadar waya ba ƙaddara ba ce kawai, akwai hannun manufofi a ciki. Afirka ta Kudu ta cire harajin kayan alatu na kashi 9 cikin 100 daga wayoyin da ba su wuce rand 2,500 ba a watan Afrilun 2025. Tarayyar Turai, daga 20 ga Yunin 2025, ta wajabta wa kamfanoni sabunta manhajar waya na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin, da samar da kayan gyara na shekara bakwai. Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, matasan Gaya da Ajingi suna da hujjar tambayar masu neman kujerar majalisa matsayinsu kan harajin shigo da ƙananan wayoyi, da faɗaɗa sabis na 4G zuwa ƙauyuka, da wutar da za a yi caji da ita.

To, a saya ko a haƙura?

Ga wanda buƙatarsa kira ce da tura kuɗi, ƙaramar waya ta wadatar, kuma kuɗin Android ya fi amfani a gona ko a jari. Ga ɗalibi, da mai neman aiki, da ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗi ta manhaja, da wakilin jam’iyya ko mai sa ido a rumfar zaɓe, wayar mai araha tana biyan kuɗinta idan ta cika wasu sharuɗɗa: ram na gaskiya giga 4, ko 3 idan aljihu ya gaza; ma’adana aƙalla giga 64; batir mai ƙarfin 5,000mAh; sabis na 4G; Android na baya-bayan nan; da rasit da garanti. Ƙarin kuɗi saboda 5G ba shi da fa’ida a inda 4G ma bai wadata ba.

Wadda ba ta cika waɗannan ba, musamman mai ram giga 2 ko mai sunan da ba a san kamfaninsa ba, ta fi kusa da asara. A irin wannan hali gara a riƙe ƙaramar waya na wasu watanni, a ƙara tari ko a shiga adashi, har kuɗin ya kai na wadda za ta yi shekara uku ko huɗu tana aiki.