Tumatirin Gida da Yadda A Ke Ajiye Irinsa

Kowa ya san tumatir, amma ba kowa ya san baƙo ne a ƙasar Hausa ba. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, mutanen Meziko kuwa suka shahara da nomansa. Bayan Turawan Sifen sun ci Meziko a 1521 suka kai shi Turai, daga nan ya bazu har ya iso gare mu. Da ya daɗe a lambunanmu sai ya zama ɗan gida, watau irin nan mai tsaga-tsaga kamar gauta, mai taushin fata da yawan ruwa.

To, yau wanda ya shiga kasuwar Sakkwato ya fi ganin dogon tumatir mai tauri, kamar Roma, wanda aka fitar a Amurka a 1955. Dalili kuwa, shi ke jure wa kwando da doguwar tafiya zuwa Ikko. Akwai kuma irin aure da a ke sayarwa cikin fakiti, wanda in an shuka 'ya'yansa ba su fitowa kamar uwarsu, tilas manomi ya sake saye kowace shekara. Ɗan gida kuwa, abin da ka shuka shi za ka gani.

A fadamun Gulbin Rima, kamar Kwalkwalawa, lokacinsa shi ne hunturu. A kan yafa iri bayan ɗaukewar damina, in ya yi kamar mako huɗu a dasa. Kada a makara, gama zafin bazarar Sakkwato ya kan zubar da furensa tun bai ƙulla ba.

Ga yadda a ke ajiye iri. A zaɓi nunannun 'ya'ya daga tushe mai lafiya, a matse su cikin ƙwarya, a bar su kwana biyu ko uku su yi tsami. Tsamin nan shi ke cinye yauƙin da ke hana ƙwaya tsira. Sa'an nan a wanke, a zubar da waɗanda suka taso kan ruwa, a shanya sauran a inuwa, a adana inda babu laima.

Wajen girki kuwa, tun da ruwa da tsami sun yi masa yawa, a niƙa shi da tattasai da albasa, a dafa har ruwan ya tsane kafin a soya da man gyaɗa. Ɗan ƙiris na kanwa ya isa kashe tsamin. Wanda ya yi saura a yanka a shanya, ya zama kauɗa don miyar damina.

'Yan'uwa, ku sani iri ba ya dawwama a ajiye, sai an riƙa shuka shi. Ya kamata kowane lambun makaranta ya ware wa ɗan gida ko da kunya biyu. Allah ya ba mu sa'a.