Gwanin Buga Zane Da Zariya Ta Horar

Kowane akawu ya san hatimi. Ya kan danna shi a tawada, ya danna a takarda, sai ga rubutu ya fito, ko sau ɗari ya buga ba ya sāke kama. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san wannan ɗan aiki na ofis shi ne tushen wata babbar sana'a wadda ta kai sunan wani ɗan Nijeriya ƙasashen duniya. Sunan mutumin Bruce Onobrakpeya, sana'arsa kuwa buga zane. Mun ga ya kamata mu kawo labarinsa, musamman saboda malaman makarantu na ƙasar Tambuwal da Kebbe, domin akwai abin da za su ɗauka a ciki.

An haife shi ran 30 ga Agusta, 1932, a Agbarha-Otor cikin ƙasar Urhobo, inda a ke kira Jihar Delta yanzu. Ubansa mai sassaƙa ne. Ya yi karatu a birnin Benin, har ya taɓa koyarwa a can, sa'an nan a 1957 ya zo Zariya ya shiga babbar kwalejin nan wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

A lokacin nan yawancin malaman sashen zane Turawa ne, abin da suka koyo a Ingila kuwa shi su ke koyarwa. To, sai abin ya dami waɗansu daga cikin ɗalibai. A 1958 suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu har da Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo, da shi Bruce. Daga baya mutane suka laƙaba musu suna 'yan tawayen Zariya, ko da ya ke tawayen nasu bai wuce na alkalami da takarda ba. Manufarsu ita ce su karɓi dabarun Turawa na aiki, amma abin da za su zana su ɗauko shi daga gida: tatsuniyoyi, da adon tufafi, da sassaƙa, da zanen bango irin wanda magina ke yi a gidajen birnin Zazzau. Samari ne 'yan shekara ashirin da wani abu, ƙasa kuma tana shirin samun mulkin kai, saboda haka maganar ta shiga jikinsu ƙwarai.

Bari mu bayyana yadda a ke aikin, don kada mai karatu ya zaci hoto ne irin na kyamara. Hanya ta fari, mai zane ya kan sami katako mai laushi, ko lino, watau irin shimfiɗar nan ta daɓen ɗaki, ya zana abin da ya ke so, ya ƙwaƙule duk wurin da ba ya so ya fito. Ya shafa tawada bisa abin da ya rage, ya danna takarda. Wannan shi ne ɗan'uwan hatimi. Hanya ta biyu akasin ta fari ce. A kan shafe farantin tutiya da wani abu mai kama da kaki, a karce zanen da tsinin ƙarfe, a tsoma farantin cikin asid. Asid ba ya cin kaki, sai inda aka karce ya ke ci, ya bar 'yan kwaruruka. A cusa tawada cikin kwarurukan, a goge sama fes, a ɗora takarda mai danshi, a matse da injin. Da faranti guda a kan buga zane talatin ko fiye, mai aikin ya sa wa kowane lamba da hannunsa. Ka ga ke nan abin da dā sai attajiri ɗaya zai mallaka, ya isa gidaje talatin.

Wannan hanya ta biyu Bruce ya ƙware a kanta ne bayan ya bar Zariya, wajen wani Bature mutumin Holan mai suna Ru van Rossem, wanda ya zo ya koyar a Ibadan da Oshogbo. Shi kuwa tun 1963 yana malamin zane a Kwalejin St. Gregory ta Ikko, inda ya zauna har 1980. Malamin makaranta ne fa kamar sauran malamai, da aji da alli da jarrabawa, sai an tashi ya ke komawa ga nasa aiki.

A 1967 wani abu ya same shi wanda ya juya sana'ar tasa. Ya yi amfani da wani irin asid dabam da wanda aka saba, asid ɗin ya yi wa farantin mugun ci, ya ɓata shi. Wani da sai ya jefar, ya ce asara ta hau shi. Shi kuwa ya yi irin ta gyartai da fasasshiyar ƙwarya, ya cike wuraren da suka lalace da danƙon nan Araldite. Da ya buga, sai ya ga inda danƙon ya yi tudu ya bar shaida mai zurfi a jikin takarda, har hannu na iya jinta, kamar sassaƙa. Daga nan ya riƙa zuba danƙon da gangan, in ya bushe ya sassaƙe shi, ya buga. Ya ba dabarar suna filastogiraf, ita ce kuwa aka fi saninsa da ita. A ganinmu ba sa'a kaɗai ba ce. Ɗan mai sassaƙa ne, idonsa ya saba da tudu da kwari tun yana yaro, shi ya sa ya gane abin da ya faɗo hannunsa.

Akwai abu biyu cikin aikinsa da suka shafi Arewa. A 1962 shi ya yi zanen littafin Cyprian Ekwensi mai suna An African Night's Entertainment, wanda masana suka nuna labarinsa ya bi sawun Jiki Magayi, littafin da kowane tsohon ɗan makaranta ya sani. Cikin shekarun 1980 kuma ya yi jerin zane da ya kira Sahelian Masquerades, watau dodannin Sahel, a kan mutanen ƙasashen da fari da hamada ke ci. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 a ƙasar Sakkwato ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. A 1990 ya sami yabo na musamman a babban nunin zane na birnin Fenis a Italiya, a 1998 kuma ya fara tara masu zane a garinsu lokacin hunturu, manya da masu koyo, suna aiki tare.

Mun san wani zai ce, ai mu ba ruwanmu da surar mutum ko ta dabba. Wannan magana ta malamai ce, ba mu shiga ba. Sai dai buga zane bai tsaya ga sura ba. Shi kansa Bruce, daga 1978, ya ƙaga waɗansu alamomi masu kama da haruffa, ya kira su Ibiebe, ya yi ta ƙawata aikinsa da su. Mu kuwa wa ya fi mu irin wannan? Ga zayyanar allo ta ranar sauka, ga aska takwas a wuyan riga, ga dagi, ga adon da dukawa ke bugawa a jar fatar Sakkwato, ga zanen ƙwarya. Malamin da ya zaga kasuwar Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Kebbe, da takarda da fensir, zai komo da abin koyarwa na wata uku. Abin takaici, sau da yawa darasin zane ba ya wuce a ce yara su kwaikwayi kofi ko mota daga littafi, in ma ba a mai da lokacin na sharar fili ba.

Kayan aikin ba su da tsada. Dankali ko rogo da aka raba biyu ya isa farawa, tsohon silifa na roba kuma ya fi daɗewa. A sami 'yar wuƙa, da tawadar allo mai kauri, da takarda. Malam ya riƙe wuƙar a hannunsa in yaran ƙanana ne. Abu ɗaya za a yi hattara da shi: duk abin da aka sassaƙa, a juye ya ke fitowa, dama ta koma hagu. Yaron da ya sassaƙa sunansa daidai zai ga ya fito a baibai, 'yan aji su yi ta dariya. Kada malam ya gaya masa dalili tukuna, ya ba shi hatimin makaranta ya duba ƙarƙashinsa.