Ilmin Kasuwanci A Matsayin Fanni Na Biyu: Bayani Ga Ɗalibai Da Iyayensu

Duk wanda ya fito daga babbar ƙofar Jami'ar Badun ya miƙi titin da ya nufi Sakatariyar Jihar Oyo, ba zai yi nisa ba sai ya tarad da Kasuwar Bodija. An buɗe ta a shekarar 1987, lokacin da aka taso masu sayar da kayan abinci daga Orita Merin da ke tsakiyar gari saboda cunkoso. A nan ne manyan motoci daga Arewa suke sauke wake da masara da gero da albasa da busasshen barkono. Da yawa daga cikin masu wannan fatauci Hausawa ne, waɗansunsu kuwa tushensu na unguwar Sabo, wadda aka kafa tun 1916.

A yau 'ya'yan waɗannan fatake suna jami'o'i, wani yana karanta aikin gona, wani likitan dabbobi, wata harhaɗa magunguna, wani aikin injiniya. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai galibinsu za su fito da digiri ba su taɓa ganin yadda ake tsara littafin shiga da fitar kuɗi ba, alhali kuwa da yawansu sana'ar kansu za su kafa, ko kuma su gaji ta iyayensu. Saboda haka ne ake jawo hankalin ɗalibai da su haɗa ilmin tafiyar da kasuwanci da fannin da suke karantawa.

Abin da ake nufi da fanni na biyu

A jami'o'in Amurka ɗalibi yakan zaɓi babban fanni guda, wanda shi ne zai ci yawancin lokacinsa, sa'an nan in ya so ya ƙara da ƙaramin fanni. Ƙaramin fannin kasuwanci yakan ƙunshi darussa biyar zuwa bakwai: aikin akanta, sarrafa kuɗi, dabarun tallata kaya, shugabancin ma'aikata, tattalin arziki, wani lokaci har da dokokin ciniki. Injiniya yana nan a injiniyansa, amma ya san yadda zai yi wa aikinsa kuɗi. A Ingila kuma akan haɗa fannoni biyu a digiri ɗaya.

A nan Nijeriya yawancin jami'o'inmu ba su bin wannan tsari da sunansa. Ɗalibin da aka ɗauka a sashen aikin gona, a nan zai gama. Duk da haka akwai ƙofofin da suke kai mutum ga ilmin, za a kuma zo kansu nan gaba.

Abin da Sabo ta koyar

Kada wani ya zaci fataken Sabo sun rasa tsari. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna tare da su a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafi a 1969 a kan yadda suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Ya nuna cewa maigida shi ne ginshiƙin al'amarin. Shi yake sauke baƙo, ya ba shi makwanci da abinci, ya haɗa shi da dillalai, ya ajiye masa kuɗinsa. Mahauta sukan ɗauki shanu bashi, maigida ne kuma yake tsayawa; in mahauci ya gaza biya, nauyin yana wuyansa. Don haka tilas ya san halin kowane mahauci, da abin da ake binsa, da iyakar abin da zai iya ɗauka. Wannan shi ne abin da bankuna suke yi da takardu da ma'aikata, su kuwa sun yi shi da amana da kaifin ƙwaƙwalwa.

To, raunin tsarin a nan yake. Ilmin da ke cikin kan mutum ɗaya, tare da shi ake binne shi. Sau nawa aka ga attajiri ya rasu, magada suka zauna rabon gado, aka rasa sanin wa ake bi, wa yake bi, wane kaya ne na marigayi, wane ne na amanar baƙi? Dukiyar shekara arba'in sai ta watse cikin shekara biyu, zumunci kuma ya bi ta. Ɗa ko 'yar da ta san aikin akanta tana iya mayar da abin da ke kan uba zuwa takarda tun yana raye.

Lissafin buhu ɗari

Ga misali, da ƙiyasi kawai, domin farashi ba ya zama wuri ɗaya. A ɗauka falke ya sayi buhun wake 100 a Kasuwar Dawanau ta Kano, kowane a kan naira 70,000, watau naira 7,000,000. Ya kawo Bodija ya sayar da kowane a kan naira 80,000. In ka tambaye shi, sai ya ce ya ci ribar naira miliyan ɗaya.

Amma kuɗin mota, da na lodi, da na 'yan dako masu saukewa, da abin da aka karɓa a hanya, da la'adar dillali, a ce sun tashi naira 6,000 a kan kowane buhu. Naira 600,000 ke nan ta tafi. Buhu uku ƙwari sun shige su, aka karyar da su rabin kuɗi, an yi asarar naira 120,000. Abin da ya rage naira 280,000 ne. Daɗin daɗawa, buhu 30 bashi aka ba mata masu auna wa a kongo, mudun mutanen Badun, ba za su biya ba sai bayan wata biyu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma naira 2,400,000 ce ta kwanta a hannun mutane. In kafin ya koma Dawanau buhu ya kai naira 75,000, sai ya ƙara naira 500,000 kafin ya sake cika irin motar da ya kawo. A baki ya ci riba, a zahiri kuwa uwar kuɗinsa ce take zaizayewa, bai sani ba.

Irin wannan lissafi shi ne darasin farko na ilmin kasuwanci, kuma bai tsaya ga mai wake ba. Likitan dabbobin da ya buɗe wurin duba shanu da kaji, da mai shagon magani wanda kayansa ke da ranar lalacewa, da injiniyan da ya karɓi kwangila za a biya shi bayan wata shida, duk ramin nan ɗaya ne ke gabansu.

Ƙofofin da suke buɗe

Tun daga zangon karatu na 2007/2008 Gwamnatin Tarayya ta wajabta koyar da dabarun kafa sana'a ga kowane ɗalibin jami'a, ta hannun Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC. Sabon tsarin karatun da Hukumar ta ƙaddamar a 2022 ya riƙe waɗannan darussa. Abin takaici, ɗalibai da yawa suna ɗaukarsu kamar shan magani, a haddace a ci jarrabawa a manta. Wannan kuskure ne babba, gama su ne matakin farko.

Bayan su akwai darussan zaɓi. Yawancin sassa suna barin ɗalibi ya ɗauki darasi ɗaya ko biyu daga wani sashe. Maimakon neman wanda ya fi sauƙin ci, ɗalibi ya nemi shawarar malamin da ke kula da ajinsa a kan ɗaukar gabatarwar aikin akanta ko ta tattalin arziki.

Wanda yake son takardar shaida ta musamman, Cibiyar Akantoci ta Nijeriya, ICAN, wadda aka kafa a 1965, tana da jarrabawar ƙananan akantoci mai matakai uku, ana kuma shigarta da sakamakon sakandare. Cibiyar Manajoji ta Nijeriya, NIM, tana da shiri na masu yi wa ƙasa hidima, wanda ake yi cikin shekarar hidimar. Bayan digiri kuma akwai babbar difloma ta harkokin gudanarwa, wadda ita ce gada zuwa digiri na biyu a kasuwanci ga wanda bai karanta fannin ba tun farko. Ana yin ta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, da waɗansu da dama.

Hattara

Wani uba zai ce taura biyu ba ta taunuwa. Yana da gaskiya in aka yi gaggawa. Babban fanni shi ne gaba. Ɗalibin likitan dabbobi, mai karatun shekara shida, wanda sakamakonsa ke tangal-tangal, ya bar ƙarin kaya sai ya gama. Kazalika, kada ɗalibi ya yi rajistar digiri ko difloma a makarantu biyu lokaci ɗaya ba tare da ya binciki dokar jami'arsa ba.

A kuma yi hattara da makarantun bogi masu raba takardun digiri a ɗakunan haya. NUC takan fitar da sunayen jami'o'in da ta amince da su da na haramtattu. A duba kafin a biya ko kwabo.

Ga iyaye na Bodija da Sabo da sauran kasuwanninmu, akwai abin da ke hannunku wanda babu jami'ar da take da shi. In yaro ya dawo hutu, a zaunar da shi a rumfa, a miƙa masa littafi da alƙalami, ya rubuta kowane buhu da ya shigo, da wanda ya fita, da sunan wanda ya ɗauka bashi da ranar da zai biya. A ƙarshen wata ku zauna tare, ya karanto abin da ya rubuta, ku gwada da abin da ke cikin kanku.