Yawan Kalmomi da Nahawun Yara Masu Raunin Harshe

A azuzuwan firamare na Gombe akan tarar da yara masu lafiyar ji da hankali, amma harhaɗa jimla na ba su wuya. Binciken Marchman da Bates na 1994 kan yara masu koyon Ingilishi ya nuna cewa ƙa'idar nahawu takan zauna ne bayan yaro ya tara isassun kalmomi. Mai raunin harshe kuwa a hankali yake tara su. Wanda bai riƙe "gidaje" da "wurare" ba, da wuya ya gano tsarin "ƙasashe". Saboda haka muna ganin ya kamata manhaja ta gabatar da kalmomi rukuni-rukuni kafin ƙa'ida. Sai dai malamai su kula: jinkirin ɗan Tangale ko Bolewa da bai daɗe da fara jin Hausa ba, ba rauni ba ne.